Agogon na'urorin ofis: wane tushen lokaci ya dace da mu a Zamfara?

Duk mai kula da kwamfutoci a ofis, asibiti ko makaranta a Gusau ya san wannan. A ɗauke wuta, inbata ya mutu, kafin a tada janareto komai ya kashe. Sai ƙaramar rawutar MikroTik, na'urar da ke raba intanet a ofis, ta farka da lokacin da ba shi ba ne, wata ma tana cewa shekarar 1970 ake ciki, don yawancinsu ba su da batirin riƙe agogo. Na'urar adana hotunan kyamara ma haka take in ɗan batirinta CR2032 ya ƙare. Ranar da aka yi sata ko kutse, ka zo haɗa bayanai, kowace na'ura da nata lokacin, ba mai iya cewa me ya riga me. A Active Directory kuwa, wato tsarin Microsoft da ke tantance masu shiga kwamfutocin ofis, saɓanin da ya haura minti 5 kan hana ma'aikaci shiga.

Mafi arha shi ne karɓo lokaci ta intanet da tsarin NTP, wanda David Mills ya fito da shi a 1985. Tushen da ake karɓo lokacin daga gare su kyauta ne: akwai pool.ntp.org, akwai na Google, akwai na Cloudflare. Na fi son na Cloudflare saboda yana da NTS, kariyar da aka kammala a 2020, wadda ke hana wani ya tsaya a hanya ya cusa maka lokacin ƙarya. Manhajar chrony ta iya aiki da ita. Na Google yana da tasa hanyar ta daban wajen shigar da daƙiƙar ƙari, wato daƙiƙa ɗaya da akan ƙara wa agogon duniya wani lokaci, don haka kada ka cakuɗa shi da sauran.

Tushe nawa? Huɗu. Ɗaya in ya kauce, kowa ya bi shi. Biyu kamar shaidu biyu ne da suka saɓa, ba ka san wanda za ka gaskata ba. Uku za su tona mai kuskure, na huɗu kuma don ranar da ɗaya ya ɓace.

Sai dai mu a nan mun ga abin da wasu ba su gani ba. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka ɗauki makonni. Tushe huɗu da ke bi ta layi guda, a irin wannan rana duk tare suke tafiya. Shi ya sa nake ganin dole ɗaya ya zama na GPS, mai karɓo lokaci kai tsaye daga tauraron ɗan'adam.

Nan kuɗi ke magana. Akwatin agogon GPS da aka gama haɗawa, irin na Meinberg ko Microchip, yana ci gaba da riƙe lokaci ko sigina ta yanke, amma da tsada, kuma farashinsa dala yake bi. Ya dace da banki ko babban asibiti. Ƙaramin ofis, ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da allon GPS mai PPS (siginar da ke bugawa sau ɗaya kowace daƙiƙa) sun wadatar, muddin akwai wanda ya san Linux a gidan. Kowanne ka zaɓa, eriya sai ta hau saman rufi, don kwano na tare sigina, kuma a sa mata kariyar tsawa kafin damina. In na hannu za ka saya, tambayi mai shi ko an sabunta manhajarsa, domin juyawar lissafin makonnin GPS a Afrilun 2019 ta mayar da agogon wasu tsofaffin na'urori baya da kusan shekara 20.

Ka sa agogon GPS ɗin a layin wutar sola tare da rawuta, sauran na'urori su riƙa karɓa daga gare shi, sannan ka toshe ƙofar UDP 123, wadda NTP ke bi, daga waje.