Gidan kifi a tsakiyar gyara: abin da na tarar da abin da aka cire

Masu zuwa Gwangzu sarin kaya daga nan Maraɗi sun san irin manyan wuraren shaƙatawar nan na kudancin ƙasar Sin, inda ake haɗa lilo da jirgin wasa da gidan kifi cikin fili ɗaya. Akwai wanda na saba leƙawa idan an gama lodin kwantena ina jiran ranar tashi. Wannan karon na tarar ana gyaran gidan kifinsa, kuma da yake wasu abokan kasuwa na shirin kai iyali a hutun lakwal, gara su ji yadda wurin yake yanzu. Kifin na nan lafiya lau, ma'aikata na kula da su, amma babban ɓangare na abin da mutum ya biya kuɗi don ya gani a rufe yake, kuma babu mai gaya maka kafin ka biya.

Wannan shi ne ya fi ɓata mini rai. Kuɗin tikiti bai ragu da ko kwabo ba. Sanarwar gyaran tana nan, amma sai ka wuce ƙofar shiga ka yi tafiya mai ɗan nisa sannan ka ganta liƙe a jikin ginshiƙi, da Sinanci kaɗai. Da ba don ɗan ƙanwata da ke karatu a can yana tare da ni ba, da ban san abin da aka rubuta ba. Baƙon da ya ɗauko mata da yara ya biya mota ya biya masauki yana da haƙƙin a faɗa masa tun a tagar sayar da tikiti, shi ya zaɓa ya shiga ko ya bari.

Abu na farko da aka rufe shi ne hanyar gilashin nan da ake bi ta ƙarƙashin ruwa. A da kana tsaye a kan wata shimfiɗa mai tafiya a hankali, kifin shak ya ratsa ta saman kanka har ka ga farin cikinsa da tsagar da yake numfashi da ita. Yanzu an kafe bakin hanyar da katako an zana kifaye a jiki. A nan ban ga laifinsu ba. Abin da muke ce wa gilashi a irin waɗannan wurare ba gilashin taga ba ne, wata irin roba ce mai tauri da haske da ake kira akirilik. Ta fi gilashi jure nauyin ruwa, shi ya sa na babban gidan kifin Dubai da aka buɗe a 2008 ke da kaurin santimita 75 yana riƙe da lita miliyan 10. Matsalarta ita ce saurin karcewa. Zobe, agogo, makulli a hannun yaro, duk suna barin tabo, bayan wasu shekaru sai kallon ya yi hazo. Zuwana na baya na lura da hakan. Dole a goge ta da inji, a kuma duba wuraren da aka haɗa ta da kankare, kuma ba aikin da za a yi mutane na wucewa ba ne.

Inda na fi daɗewa shi ne gaban wasu sababbin tankuna da aka jera. An cika su da ruwa, an shirya duwatsu da yashi, fitilu na ci, injin na aiki, amma babu kifi ko ɗaya. Mutane na leƙawa suna wucewa da tsaki. Na ce wa yaron ya tambayar mini wata ma'aikaciya da ke gwada ruwan da 'yan kwalabe, tana ɗiga magani tana duba launin da ya fito. Da ta gama bayani sai ya juyo ya ce, "Kawu, ta ce ruwan bai nuna ba tukuna. In an zuba kifi yanzu mutuwa zai yi."

Bayanin kuwa duk mai kiwon kifi ya kamata ya riƙe shi. Kifi na fitar da amoniya ta hanyar numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe ita yake bayarwa, kuma guba ce. A tsohon tanki akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a jikin yashi da matatar ruwa. Wasu na mayar da amoniya ta zama nitirayit, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da wannan ta zama nitiret, wadda ba ta da illa sosai kuma ana rage ta da canjin ruwa. Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyi, sai sun hayayyafa, abin da kan ɗauki mako 4 zuwa 6. Ga kuma gishiri, ruwan teku na ɗauke da kusan giram 35 a kowace lita, sai an daidaita shi. Kifin da za a kawo daga waje ma sai an killace shi wajen wata guda a ga lafiyarsa kafin a haɗa shi da sauran. Ina jin wannan na tuna samarin da ke gina tankin siminti a bayan gida a nan gari, su zuba 'ya'yan tarwaɗa washegari, cikin kwanaki kaɗan su tarar da su sun taso ciki sama, su ce mai sayar da iri ne ya cuce su. Sau da yawa ruwan ne. Da masu wurin sun rubuta wannan bayani a jikin tankunan da babu kifi, da sun zama darasi maimakon abin tsaki.

Canjin da ya taɓa ni shi ne na ayu. A da akwai wani tafki mai faɗi da ake ajiye su, irin namu na Afirka ta Yamma, wanda ake samu a Kogin Kwara da Binuwai. Mu da muka tashi tsakanin Gulbin Maraɗi da tabkin Madarunfa, tarwaɗa da ƙarfasa da gaiwa muka sani, ayu kuwa labarinsa kawai muke ji a bakin masunta. A wurin nan na fara ganinsa da idona: dabba mai tsawon mita 3 ko fiye, tana riƙe ganyen salati da hannuwanta na gaba tana turawa baki, bayan 'yan mintoci ta ɗago hanci ta shaƙi iska ta koma. Ya yi ƙaranci a kogunanmu, har a 2013 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. Yanzu an mayar da su bayan gida inda baƙi ba sa shiga, a gurbinsu an kafa babban allo ana haska ayu na zane yana magana da yara. An ce lafiyarsu ƙalau, na kuma yarda, domin ƙarar injin fasa kankare ba ta dace da su ba. Amma a zanen sabon fasalin da aka manna a bango ban ga tafkin nasu ba, wurin kallon majigi na gani da shagon tsaraba.

Haka aka yi da ƙananan allunan da ke gaban kowane tanki, masu sunan kifi da tekun da ya fito da abin da yake ci. An cire su, an sa allon taɓawa ɗaya a tsakiyar ɗaki, yara na turereniya a kai, babu mai kallon ruwan. Ba su kaɗai suka bi wannan hanya ba. A Epcot, wurin shaƙatawa na kamfanin Disney da ke jihar Filorida ta Amurka, gidan kifin da aka buɗe a 1986 da tankin sama da lita miliyan 21, a 2006 an sake masa fasali da kifayen zane na wani fim ɗin kamfanin, har ana haska su kamar suna iyo tare da na gaske. Na fahimci dalili, yara na son abin da suka saba gani a talabijin, kuma shi ke kawo ciniki. Sai dai yaron da ya fito daga Maraɗi, wanda teku mafi kusa da shi sai an ratsa Najeriya ko Benin, zane yana da shi a wayar babansa. Abin da ba shi da shi shi ne tsayawa gaban halitta mai rai ya ga ikon Allah da idonsa.

Abin da ya rage a buɗe yana da kyau, ba zan rage musu ba. Babban tankin tsakiya ruwansa garau, kififfiyar teku na nan, ɗakin murjani ma ba a taɓa shi ba. Lokacin ba da abinci, idan masu nutso suka shiga da kwanduna kifaye suka yanyame su, ya isa a zauna a kalla daga farko har ƙarshe. Banɗakuna tsaf. Hanyar wucin gadi da aka yi ta yi ƙunci, mai keken jariri ko tsoho zai sha wahala, ga ƙura da ƙarar aiki a wasu lunguna. Ban ga wurin salla ba, abincin cikin ma ban samu tabbacin halaccinsa ba, don haka a tafi da guzuri da 'yar darduma.

Wanda yake can da ma, kamar lokacin baje kolin Kanton da ake yi a Gwangzu a Afrilu ko Oktoba, kuma kifin yake so ya gani, ya je da safe a ranar aiki, ya fara tambayar lokacin ba da abinci. Mai niyyar ɗaukar iyali musamman saboda wannan wuri ya dakata, ya sa tafintansa ya buga musu waya ya tambayi abu biyu: an buɗe hanyar ƙarƙashin ruwa, kuma an dawo da ayu inda ake ganinsu?