Wace mujalla za ka kai maƙalarka? Ka auna kafin ka tura

Da yawa daga cikin malamanmu da ɗaliban digiri na biyu da na uku sai sun kammala maƙala tsaf sannan su shiga cigiyar inda za su kai ta. Daga nan matsala take farawa. Kowace mujallar ilimi tana da masu karatunta, da adadin kalmomin da take karɓa, da tsarin manazartarta, da kuɗinta, da kuma makin da kwamitin ƙarin girma zai ba ta. Tela ba ya sa almakashi sai ya auna mai riga. Haka ya kamata marubuci ya san mujallar da ya nufa tun aikin yana rabi.

Tambayoyi biyu ne ke raba gardama. Wa kake so ya karanta wannan aiki? Wa kuma zai ƙirga maka shi? Ta biyun ba abin kunya ba ce, da ita ake hawa daga ƙaramin malami har zuwa farfesa. Sai dai amsarta ba a bakin abokai take ba, tana cikin kundin ƙa'idojin ƙarin girma na jami'arka, don haka ka nemo shi ka karanta da idonka. Jami'o'i da dama a Najeriya ba sa son mutum ya jibge maƙalunsa a mujalla ɗaya ko a tsangayarsu kaɗai, wasu kuma suna ware maki na musamman ga mujallun da ke cikin Scopus ko Web of Science, wato manyan kundayen duniya da ke tantance mujallun ilimi su jera su. Malaman Nijar kuwa takardunsu ta hannun CAMES suke bi, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, da ke Wagadugu, wadda aka kafa a 1968, ita ma da nata sharuɗɗan. Abin da ya fisshi abokinka na Sakkwato ba lallai ya fisshi na Yamai ba.

Mujallun gida

Ga mai nazarin harshe da adabi da al'adun Hausa, mujallun gida ba su da madadi. Harsunan Nijeriya da Algaita a Jami'ar Bayero, Ɗunɗaye a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Harshe a Jami'ar Ahmadu Bello: a nan ne za ka rubuta maƙala da Hausa tun daga tsakure har manazarta, ta faɗa hannun wanda ya san karin waƙa, ya san bambancin Sakkwatanci da Kananci, ba sai ka yi masa shimfiɗar shafi biyu kan su wane ne Hausawa ba. Kuɗinsu da naira ake biya, galibi kashi biyu: na tantancewa idan ka miƙa, na bugawa idan an karɓa.

Rauninsu kuwa ba ɓoyayye ba ne. Wasu a takarda kawai suke fita, kwafi kaɗan, su ƙare a kantar ofishin shugaban sashe. Wanda ke Damagaram ko Kumasi ba zai taɓa sanin ka rubuta ba. Wasu fitowarsu ba ta da ƙayyadadden lokaci, takardar amincewa na hannunka amma mujallar shiru. Sannan fagen ƙarami ne, ko an cire sunanka mai duba aikin zai iya gane ka daga batun. Don haka kafin ka biya, ka tambayi editan abubuwa uku kai tsaye: yaushe fitowar ƙarshe ta fita, ana ɗora maƙalu a intanet, kuma ana ba kowace maƙala lambar DOI? Wannan lamba ita ce adireshin dindindin na maƙalarka, ko da an sauya shafin mujallar.

Mataki na gaba su ne mujallun Afirka da ke dandalin intanet na AJOL (African Journals Online), wanda aka fara a 1998, yanzu kuma yana ɗauke da mujallu sama da 500. Bayero Journal of Pure and Applied Sciences tana ciki, haka ma Science World Journal ta Jami'ar Jihar Kaduna. Ga matashin da zai fara bugawa, a nan nake ganin tsada da amfani suka fi daidaita: kuɗi na naira, Google Scholar na ganin aikin, kuma AJOL tana tace mujalla kafin ta karɓe ta. Likitoci su ma suna da irin su Annals of African Medicine, wadda tushenta Sakkwato ne kuma tana cikin PubMed, kundin maƙalun likitanci na duniya. Mujalla ta zama ta gida ba ya nufin duniya ba ta ganin ta.

Manyan kamfanoni: ba duka ake biya ba

Akwai wata fahimta da ta hana mutane da yawa gwada sa'arsu a waje, wai duk mujallar Elsevier ko Springer Nature ko Wiley ko Taylor & Francis sai an biya daloli. Ba haka ba ne. Dubban mujallunsu ɗakunan karatu ne ke biyan kuɗin rajista, marubuci ba ya biyan ko sisi don a buga masa. Da yawansu hanya biyu suke ba ka bayan an karɓi maƙala: ko ka biya a buɗe ta ga kowa, ko ka bar ta a rufe kyauta. Ka zaɓi ta biyu, darajar maƙalar a gaban kwamiti ɗaya ce.

Abin da za ka biya a nan lokaci ne da haƙuri. Edita na iya mayar maka da maƙala cikin mako guda ba tare da ya tura wa masu tantancewa ba, sau da yawa don batun bai dace da mujallar ba. Idan ta wuce wannan shinge, watanni za ka jira, a dawo maka da gyare-gyare, ka gyara, a sake dubawa. Shekara guda ba abin mamaki ba ce. Akwai kuma abin da ke ci mini rai: ka yi bincike kan noman gero a Jigawa, ya fita a mujallar da ɗalibanka ba za su iya buɗewa ba sai da dala talatin ko arba'in. Maganinsa shi ne ka duba ƙa'idar mujallar, yawancinsu suna yarda ka ajiye kwafin da aka amince da shi, kafin a tsara shi, a rumbun jami'arka, wani lokaci bayan wani wa'adi.

Sai mujallun da ke buɗe ga kowa amma marubuci ke biya. PLOS ONE, wadda ta fara a 2006, kuɗinta yanzu ya haura dala 2,000. Mujallar Nature da ta buɗe wannan hanya a 2021 ta yanka yuro 9,500 kan maƙala ɗaya. Malamin da albashi kaɗai ya dogara da shi ba sai an ce masa komai ba. Irin wannan hanya ta mai tallafin bincike ce, wanda ya sa kuɗin bugawa cikin kasafinsa tun farko. Akwai rangwame da yafiya, amma a kula: kamfanoni da dama jerin Bankin Duniya suke bi, inda Nijar da Chadi ke rukunin ƙasashe masu ƙarancin kuɗin shiga, Najeriya kuwa tana rukunin da ke sama da shi. Malamin Maraɗi zai iya samun yafiya kai tsaye a inda na Katsina sai ya rubuta roƙo. Kuma roƙon lokacin miƙa maƙala ake yin sa. Wanda ya bari sai an karɓa, sau da yawa ya makara.

Akwai rukunin da ba a cika ambato ba, alhali ni shi nake fara nuna wa kowa: mujallun da ba sa cajin marubuci, ba sa cajin mai karatu, jami'o'i ko ƙungiyoyin masana ne ke ɗaukar nauyinsu. Glossa misali ce mai kyau. A 2015 editocin mujallar Lingua suka ajiye aiki gaba ɗaya saboda saɓani da Elsevier kan tsada, suka kafa ta. Nordic Journal of African Studies ita ma a buɗe take. Hanyar gano irinsu mai sauƙi ce: ka shiga DOAJ, kundin mujallun buɗe da aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, ka rubuta fanninka, ka zaɓi waɗanda ba sa karɓar kuɗi. Tantancewarsu ba wasa, kuma tun da masu aikin sa kai ne ke gudanar da yawancinsu, ba sa sauri.

Masu cin kasuwar gaggawa

Saurin nan shi ne ƙofar da 'yan damfara ke shigowa. Saƙon imel zai zo maka yana kiran ka babban farfesa alhali ko digiri na biyu ba ka gama ba, yana yabon wata tsohuwar maƙalarka, yana alƙawarin bugawa cikin kwana uku. Sunan mujallar ya haɗa injiniyanci da likitanci da tarihi a layi ɗaya. Wani lokaci ma ba imel ba ne, dillali ne a WhatsApp yake cewa, "Malam, kawo kuɗi in samo maka takardar amincewa kafin a rufe karɓar takardun ƙarin girma." Tantancewar gaskiya ba ta yiwuwa cikin kwana uku, domin neman masana biyu da za su yarda su karanta ma yakan ɗauki makonni.

Girman abin ya fito fili a 2013, lokacin da ɗan jaridar kimiyya John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar bogi kan wani sinadari da wai yake yaƙar ciwon daji, ya cika ta da kurakuran da ɗalibin fannin zai gani, ya tura wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Wasu daga cikinsu ma suna ƙarƙashin manyan kamfanoni ne, PLOS ONE kuwa ta ƙi. A 2019 wata kotun Amurka ta ci kamfanin buga mujallu na OMICS da ke Indiya tarar sama da dala miliyan 50 saboda yaudarar marubuta. Jerin mujallun da ake zargi da damfara na Jeffrey Beall, ma'aikacin ɗakin karatu a Kolorado ta Amurka, wanda mutane suka daɗe suna dogaro da shi, an sauke shi tun Janairun 2017, don haka rashin ganin sunan mujalla a tsofaffin kwafinsa ba wanke ta ba ne.

Kada ka yarda da abin da mujalla ta faɗa kan kanta. Idan ta ce tana cikin Scopus, ka je shafin Scopus ɗin ka nemi sunanta da lambar ISSN, ka kuma duba ko an cire ta, domin suna cirewa. Idan ta yi taƙama da ma'aunin tasiri (impact factor), wato adadin da ke nuna yawan ambaton maƙalunta, na ainihi kamfanin Clarivate ne ke fitar da shi a Journal Citation Reports, akwai kuma masu sayar da na jabu. Lambar ISSN ita kanta rajista ce kawai, a Najeriya Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayar da ita, ba shaidar inganci ba ce. Akwai ma masu kwaikwayon shafin mujalla ta gaskiya, suna ɗaya, ISSN ɗaya, adireshin intanet kaɗai ya bambanta. Saboda haka ka bi mahaɗin da ke cikin Scopus ko DOAJ, ba wanda aka turo maka ba. Daga nan ka buɗe maƙalu biyu ko uku na fitowar ƙarshe ka karanta. Ka zaɓi mutum ɗaya cikin kwamitin editoci, ka duba shafinsa na jami'a ko ya ambaci mujallar. Asarar da ke cikin faɗawa hannunsu ta wuce ta kuɗi: maƙalar da ta riga ta fita, mujallar kirki ba za ta sake karɓar ta ba.

Abin da za ka kashe wa kuɗi wajen shiri

Kaɗan ne. Don tsara manazarta, manhajar Zotero kyauta ce, Mendeley ma haka, EndNote ce ake saya. Ban ga dalilin da zai sa mai biya daga aljihunsa ya wuce Zotero ba. Amfaninta yana bayyana ranar da aka ƙi maƙalarka, za ka kai ta wata mujalla mai wani tsari: da dannawa ɗaya za ka sauya daga tsarin manazarta na APA zuwa wanda suke so. Lambar ORCID, wato lambar shaidar marubuci, ita ma kyauta ce, minti kaɗan ake yin ta, kuma ga masu suna irin namu, inda Muhammad Sani ko Aisha Abubakar za su yi goma a jami'a ɗaya, ita ke raba aikinka da na takwaranka.

Gwajin satar fasaha kuwa, ka yi shi ta ɗakin karatun jami'arka idan suna da manhajar Turnitin, ka roƙi a saita kada maƙalar ta zauna a rumbunsu. In ba haka ba, ranar da mujalla ta gwada sai ta ga aikinka ya yi daidai da na wani, alhali kwafinka ne. Gyaran Turanci kuma, kamfanonin waje da dala suke caji, kuma ba sa ba da tabbacin za a karɓa. Abokin aiki daga sashen Turanci ya duba harshe, wani daga fanninka ya duba hujja, wannan ya wadatar a yawancin lokuta.

Masu rubutu da Hausa ko masu kawo misalan Hausa su kula da haruffa masu lanƙwasa. Tsofaffin salon rubutun kwamfuta da muka saba da su suna aron wasu alamomi ne su nuna ƙ da ɗ da ɓ, to da zarar edita ya buɗe fayil ɗin a kwamfutar da ba ta da salon, sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya. Ka yi rubutu da haruffan Unicode, a salo irin Charis SIL, ka kuma haɗa da kwafin PDF.

Sauran sharuɗɗan ba na kuɗi ba ne, amma su ke sa a mayar da maƙala tun daga bakin ƙofa. Binciken da ya shafi marasa lafiya ko ya tattara bayanan mutane yana buƙatar izinin kwamitin ɗa'a kafin a fara, ba bayan an gama ba, kuma za a nemi lambar izinin. Idan mujallar na ɓoye sunan marubuci ga masu tantancewa, ka cire sunanka daga cikin rubutun da kuma bayanan fayil ɗin. Al'adar nan ta "sa ni in sa ka", wato sa sunan wanda bai yi aikin ba cikin marubuta, kuma tana da haɗari, domin mujallu da yawa yanzu suna neman a faɗi aikin da kowane marubuci ya yi, kuma idan aka janye maƙala kowa da ke kanta zai ɗauki tabon.

Ba a tura maƙala ɗaya wa mujallu biyu a lokaci guda; za a sa ka tabbatar da hakan a wasiƙar rakiya. Don haka ka jera mujallu uku tun farko bisa fifiko. Idan ta farko ta yi shiru har wa'adin da ta rubuta a shafinta ya wuce, ka rubuta wa edita cikin ladabi ka tambayi halin da ake ciki. Idan ka yanke shawarar janyewa, ka yi shi a rubuce, ka jira amsar da ta tabbatar an janye, ka adana ta, sannan ka tura wa ta biyu.