Maltina, Amstel Malta ko Fayrouz: wanne za ka ɗauka?

Duk lemon malt da ka gani a firjin mai shago, daga tsiro aka yi shi, irin dai tsiron da uwargida ke zubawa a kunun zaƙi. Ana jiƙa hatsi ya tsira, a busar, a dafa ruwansa, a ƙara sukari da gas, ba a barinsa ya tsima balle ya zama barasa. Da can sha'ir ne ginshiƙinsa, amma tun 1988 da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanoni suka rungumi dawarmu ta gida. To tunda tushen ɗaya ne, bambancin yana wajen kauri da zaƙi.

Idan mai kauri kake so, wanda za ka sha ka ji kamar ka taɓa abinci, zaɓinka tsakanin Maltina ne da Malta Guinness. Maltina ta Nigerian Breweries ce, tana kasuwa tun 1976, mai laushi a maƙogwaro, zaƙinta a fili yake. Ita ce ta dubiya da ta suna, da wuya ka miƙa wa dattijuwa ta ce a'a. Malta Guinness, wadda ta fito a 1990, ta fi ta duhu, tana da ɗan ƙamshin gasasshen hatsi da ɗan ɗaci can ƙarshen harshe. Ni ita nake ɗauka idan akwai tsire ko balangu a gabana, don ɗacin nan yana yanke maiƙo. Amma da zafin rana duk su biyun ginsa suke, musamman in ba su yi sanyi ba.

Amstel Malta ta zo a 1994 da tallar ƙarancin sukari, kuma gaskiya ta fi su sauƙi a baki, ba ta manne wa harshe. Sai dai ƙarancin sukari ba rashin sukari ba ne. Mai ciwon sukari kada ya ce ya samu mafita, ya tambayi likitansa tukuna. Haka ma masu juye madarar gwangwani a ciki wai don ƙarin jini: daɗi kam akwai, amma abin da ya fi ƙaruwa shi ne teɓa.

Hi-Malt, Grand Malt da Dubic na masu sayen katan-katan ne don biki, inda kuɗi ke magana. Suna fid da kai kunya.

Fayrouz kuwa wani gida ne daban. Asalinta daga Masar take, ruwanta garau, gas ya yi mata yawa, ɗanɗanon abarba ko na ɗan itacen pear ya rufe na tsiron gaba ɗaya. Wanda ya saba da Barbican a Saudiyya zai gane ta nan take. Ta fi dacewa da buɗa-baki da shinkafa mai yaji, kuma ita ce ta wanda baƙin malt ke tsaya wa a ƙirji.

A manyan kantuna a yi hattara da gwangwani mai rubutun 0.0, irin na Heineken. Wannan giya ce aka haɗa sannan aka cire mata barasa, ɗaci ne da ita, ba 'yar gidan Maltina ba ce, kuma mutanenmu da yawa ba sa kusantarta. Ka karanta jikin gwangwanin, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In a gida za a sha, kwalba ta fi araha, sai dai mai shago zai ce ka dawo masa da ita. Na tafiya da na rabon biki, gwangwani.