Garin "sitem sel" da ake tallatawa a Katsina: me ke cikin ƙunshin?

Kwali ne mai kyan gani, cike da ƙananan ƙunshin gari mai ɗanɗanon 'ya'yan itace. Dillalan, waɗanda galibi ta WhatsApp suke ciniki daga Katsina har Daura, kan ce a zuba ƙunshi ɗaya ƙarƙashin harshe da safe kafin a karya, wai zai sabunta jiki ya kori sikila, ciwon suga, har da ciwon ƙoda.

A juya bayan kwalin a karanta. Abin da ke ciki tatse ne daga ƙwayoyin halittar tsirrai, yawanci tuffa da inabi. Ƙwayar halittar tuffa ba ta rikiɗa ta zama jinin ɗan Adam, kuma kafin a busar da ita a niƙa ta riga ta mutu. Sauran kuma ciki ya narkar da shi kamar kowane abinci. Lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, da ake nunawa rajistar kayan ƙarin abinci ce, ba shaidar warkarwa ba.

Sunan ma aro ne. Sitem sel na gaskiya ƙwayoyi ne masu rai da ke iya zama wasu sassan jiki. A 1998 James Thomson na Jami'ar Wisconsin ya fara raino su daga tayin ɗan Adam mai kimanin kwana 5, kuma a kan wannan Amurka ta yi shekaru tana ja-in-ja har a gaban kotu. Abin da aka yi wannan shari'a a kansa ba ya rayuwa a leda cikin zafin bazara.

Ga mai sikila, maganin da ya tabbata shi ne dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Najeriya a asibitin koyarwa na birnin Benin a 2011. Ana gwada jinin 'yan'uwa shaƙiƙai, kowanne damar dacewarsa 1 cikin 4 ce. Sai a kashe ɓargon mara lafiya da magani mai ƙarfi, a ɗura masa sabo ta jijiya, a killace shi mako 2 zuwa 4 kafin ya kama. Jiki na iya ƙin karɓa, ƙwayar cuta na iya shiga a lokacin da garkuwa ta faɗi.

Babbar ɓarnar garin nan tana zuwa ne idan uwa ta daina ba yaro folik asid, maganin kariyar maleriya ko hydroxyurea, maganin rage tashin sikila, saboda an yi mata alƙawarin warkewa. Jini ya ragu, ciwon ƙashi ya dawo, kuɗin ƙarin jini kuma an riga an ba dillali. Wannan ya sa ba mu ba kowa shawarar saye ba. Wanda ya riga ya saya, ya ɗauki kwalin zuwa wurin likitan jini a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, kada ya daina shan ko ɗaya daga magungunan asibiti kafin su gana.