Sayayyar Sallah: Madarar Alawa, Kitson Yara da Sarƙar da Ba Ta Koɗewa

Da azumi ya shiga goman ƙarshe, lissafin uwar gida mai 'ya'ya mata yakan rabu gida uku: kayan zaƙin da za a ajiye wa masu zuwa barka da Sallah, kitson yara, da kuma 'yan kunne da sarƙar da za su shiga da ɗinkin da ke wajen tela. Kuɗin kuwa ɗaya ne, kuma galibi kayan ƙyale-ƙyale ne ke cinye shi, domin su ne ke fara ɗaukar ido a kasuwa. A ganina ya kamata a saki hannu inda arha ke jawo asara, a kuma tsuke shi inda aikin hannun mutum zai wadatar.

Kayan zaƙi suna cikin abin da aikin hannu ke wadatarwa, amma ba duka ba. Alkaki da dubulan da nakiya suna son gwaninta da lokaci, tun daga ɓarzar alkama da kwaɓi har zuwa suya da tsomawa a ruwan sukari, don haka wadda ba ta saba ba gara ta ba masu sana'ar aiki tun da wuri. Tuwon madara da gullisuwa da kwakumeti da kantun riɗi kuwa, duk mai tukunya da muciya za ta iya yin su da yamma guda. Kwakumeti da kantu sun fi sauƙin kuɗi, tunda kwakwa ko riɗi da sukari kawai suke bukata, sai dai kwakumeti ba ya son dogon ajiya saboda man kwakwa yana saurin canza wari a lokacin zafi. Kantu ya fi shi jure kwanaki, muddin an soya riɗin da kyau kuma an rufe shi daga iska.

Inda ake yawan yin kuskure shi ne wajen sayen madara, domin madarar gari ba iri ɗaya ba ce ko da launinta ya yi kama. Akwai mai cikakken mai, wadda aka busar da nonon saniya ba tare da an cire maiƙonsa ba, kuma bisa ƙa'ida maiƙon da ke cikinta ba ya gaza kashi 26 cikin 100. Peak da Nido suna da irin wannan. Akwai kuma wadda aka cire maiƙon nonon aka mayar da man tsirrai a madadinsa, irin su Cowbell da Three Crowns, wadda ta fi sauƙin kuɗi. Dano yana da duka biyun, saboda haka sai an karanta jikin leda kafin a ɗauka. Ga tuwon madara, wanda ba a sa masa komai sai madara da sukari da ruwa, mai cikakken mai ta fi dacewa, domin ita ce ke ba shi garɗin da ke narkewa a baki. Ga gullisuwa, wadda za a jefa cikin mai a soya, bambancin ba ya fitowa sosai, kuma ta biyun ta isa.

Madarar awo, wadda ake buɗe buhu mai kilo 25 a auna da gwangwani ko da kwano a kasuwanni irin su Singa a Kano, tana rage kashe kuɗi ga mai yin da yawa, amma tana son ido. Mai saye ta ɗebi kaɗan ta murza tsakanin yatsu biyu: madara mai kyau tana da ɗan maiƙo da launi mai ratsin rawaya, ba ta dunƙulewa, ba ta kuma warin tsohon mai. Ta nemi a nuna mata buhun, ta duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Akwai wani farin gari da ake sa wa shayi wanda yawancinsa sukarin masara ne da man tsirrai, kuma wasu suna auna shi da sunan madara. Na taɓa saye a hannun wani mai awo ban lura ba, na tuƙa tuwon madara da shi har hannuna ya gaji, abin ya ƙi daskarewa ya zauna a faranti kamar ƙullu. Ko da madarar ta yi kyau, sai an dafa sukarin ya yi danƙo kafin a zuba ta. A ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi, idan ya dunƙule bai baje ba, to ya kai.

Batun kitso bai da tsawo. Zane da shuku suna saurin kammaluwa, suna kuma kwanciya lafiya a ƙarƙashin ɗankwali, alhali kalaba tana cin lokaci da kuɗi amma tana daɗewa ba a tsefe ba. Ga ƙaramar yarinya, manyan zane marasa tsauri sun fi, domin kitson da aka ja ƙwarai, musamman a gaban goshi, shi ne ke cinye gashin wurin a hankali. Idan yarinya ta kasa kwantar da kai a matashi daren da aka yi kitson, ko ƙananan ƙuraje suka fito a bakin gashi, an matse da yawa. Ribom na yadi ya fi roba tsirara wadda ke tsinka gashi wajen cirewa, kuma man kaɗe ko man kwakwa ya ishi kai, ba sai an sayi mai tsada ba. Wajen ƙunshi kuwa, jan lalle na ganye ya fi aminci a kan baƙin da ake haɗawa da rinin gashi, domin rinin yakan ƙunshi sinadarin PPD mai jawo wa wasu kumburi da ƙuraje, har ma da tabo.

Sarƙa da 'yan kunne da awarwaro su ne inda mai saye ya fi bukatar sanin abin da yake biya. Gwal na gaskiya ana sayar da shi ne da giram, kuma a jikinsa, yawanci kusa da maɓalli, akan sami ƙaramar lamba: 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 kuma karat 22. Gwargwadon hawan lambar, gwargwadon yawan gwal ɗin da laushinsa, shi ya sa karat 18 ya fi jure sawa kullum, yayin da 21 da 22 suka fi karɓuwa ga masu ajiye dukiya, tunda ana iya mayar da su kuɗi ranar da bukata ta taso. Sai dai a sani cewa a farashin saye akwai kuɗin ƙira, wanda ba ya dawowa idan an zo sayarwa, haka ma nauyin duwatsun ado ana cire shi. Lambar kaɗai ba hujja ba ce, domin ana buga ta a jikin jabu. A sa a auna a gaban mai saye, a karɓi rasiti mai ɗauke da nauyi da karat. Gwajin maganaɗisu yana tona ƙarfe, amma ba ya tona tagulla, wadda ita ma ba ta mannewa.

Wanda bai kai ga gwal ba yana da zaɓi uku. Azurfa mai lambar 925 takan yi duhu da daɗewa, amma ana goge ta ta dawo fes. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ya cika kasuwa a 'yan shekarun nan, ba ya jin gumi ko ruwa sosai, kuma a wurina shi ne ya fi cancanta ga budurwa mai sawa kullum. Na ukun shi ne wanda aka yi wa wankan gwal, mai kyawun gani ranar farko, wanda turare da gumi ke koɗar da shi cikin 'yan makonni idan wankan sirara ne. Mafi arharsa yakan ƙunshi ƙarfen nikel, kuma shi ne ke sa kunne ƙaiƙayi da ruwa, ya bar kore a wuya idan tagulla ce a ciki.

Saboda haka, ga yarinyar da ba a daɗe da huda mata kunne ba, ƙaramin ɗan kunne guda na gwal ko na azurfa ya fi saiti uku na wanka, kuma mai maɓallin murɗawa ya fi mai ƙugiya, wanda ke maƙalewa a mayafi ya faɗi a filin Idi. Mai wankan gwal a bar shi ga manya da ke sawa a biki su cire, su fesa turare tukuna ya bushe kafin su ɗaura, su goge shi da busasshen ƙyalle bayan an dawo, sannan su ajiye kowane a ledarsa daban don kada su goge juna.