Yadda aka dafa The Dark Side of the Moon: sharhi kan faifan DVD na Classic Albums

Wannan fim ya fito a faifan DVD a 2003, shekara 30 bayan fitar kundin waƙoƙin The Dark Side of the Moon na ƙungiyar mawaƙa ta Pink Floyd a watan Maris na 1973. Yana cikin Classic Albums, jerin finafinan da ke nuna yadda aka haɗa shahararrun kundayen waƙoƙi, Matthew Longfellow ne ya ba da umarni. Ainihin fim ɗin bai cika awa guda ba, sai ƙarin hirarraki a gefe. Duka 'yan ƙungiyar huɗu sun yi magana: Roger Waters, David Gilmour, Richard Wright da Nick Mason, amma kowa shi kaɗai aka ɗauke shi, ba a haɗa su ɗaki ɗaya ba.

Inda kuɗin mai saye yake fita shi ne wajen teburin haɗa sauti. An ɗauki kundin a situdiyon Abbey Road da ke Landan daga tsakiyar 1972 zuwa farkon 1973, a kan tef mai layi 16, wato tef mai ɗaukar sauti 16 kowanne a layinsa. A fim ɗin ana ɗora tef ɗin, a rufe layuka a bar guda, sai ka ji murya ko jita tsirara. Injiniyan sautin kundin, Alan Parsons, shi ya fi kowa iya bayani a nan.

Ga misali waƙar Money. Ƙarar kuɗi da ke buɗe ta ba na'ura ce ta jera ta ba. An ɗauki ƙarar tsaba, da na'urar kashiya, da yagar takarda, aka yanka tef da reza gida 7 masu tsawo ɗaya, aka manne su suka zama zobe, domin kiɗan waƙar bugu 7 ne a kowane zagaye. Tsawon zoben ya fi ƙarfin injin tef, dole aka zagaya da shi ta jikin sandar makirufo don ya tsaya a miƙe. Wanda ya taɓa yankan tef ya san inda gizo ke saƙa: in gida ɗaya ya ɗara sauran ko da kaɗan, kiɗan zai riƙa ɗingishi duk zagaye, in kuma mannin bai zauna ba za a ji ƙas a wurin haɗin. A kan wannan zoben makaɗan suka bi lokaci. Da aka zo wurin da Gilmour zai saki jita, sai suka koma bugu 4, waƙar ta buɗe kamar an kwance mata ɗauri.

Haka agogunan da ke farkon waƙar Time. Parsons ya riga ya ɗauki ƙararsu ɗaya bayan ɗaya a shagon tsofaffin kaya, don gwajin sauti mai lasifika 4, daga baya aka jera su a layuka dabam-dabam yadda za su kaɗa tare. Kiɗan On the Run kuwa gajeren jerin sauti ne aka shigar a na'urar Synthi ta kamfanin EMS, aka ƙara masa gudu. A fim ɗin an nuna wannan da hannu, a hankali sannan da sauri, kuma daƙiƙun nan sun fi dogon bayani amfani.

Layi 16 bai ishe su ba. Maganin da ake yi a lokacin shi ne a juye layuka da yawa zuwa wani tef a matse su, a samu fili. Kowane juyi yana ƙara ɗan huci a bayan sauti, kuma abin da aka haɗe ba ya rabuwa. Babu kwamfutar da za ta tuna inda aka ajiye maɓalli, saboda haka ranar haɗawa hannaye da yawa ke kan tebur, wanda ya kuskure a sake daga farko.

Wurin da ya fi taɓa zuciya Wright ne a gaban fiyano, yana nuna wani haɗin sauti a waƙar Breathe da ya tsinto daga kiɗan jaz na Miles Davis, da yadda waƙar Us and Them ta samo asali daga kiɗan da ya yi wa fim ɗin Zabriskie Point aka ƙi karɓa. Wright ya rasu a 2008, don haka wannan zaman ya ƙara daraja.

Aibin fim ɗin gajarta. 'Yan jarida sun ci mintocin da ya kamata a bar wa tebur, suna maimaita cewa kundin ya shahara, abin da mai sayen faifan ya riga ya sani. Batun Clare Torry, wadda aka biya fam 30 kan muryarta a The Great Gig in the Sky, bai ƙare a nan ba: ƙarar da ta shigar a 2004, da sulhun 2005 da ya sa sunanta cikin marubutan waƙar, duk bayan fim ɗin suka zo.

Kada a saya da tunanin za a ji kundin cikakke, gutsattsari ne kawai. A fara sauraron kundin, sannan a kalli fim ɗin, kuma da abin sawa a kunne ko lasifika biyu masu kyau, don lasifikar talabijin tana haɗiye bugun zuciyar da ke buɗe kundin, wanda aka yi da babbar ganga. Kafin biyan kuɗi a duba bayan kwali a ga ko tsarin bidiyonsa PAL ne ko NTSC, tsofaffin na'urori sukan ƙi ɗaya.