Gyaran Kashin Bayan Furotin da Hannu: Coot, PyMOL ko ISOLDE?

Duk wanda ya taɓa zama gaban taswirar cryo-EM (hoton siffar furotin da aka daskarar, wanda na'urar hangen ƙananan abubuwa ta lantarki ke bayarwa) mai kaifin 3.5 Å (angstrom, ma'aunin tsayi a matakin atom) ya san wahalar ba ta sassan gefe na amino asid ba ce. Wahalar tana kashin baya, wato sarƙar da ke ɗinke amino asid da juna, inda kusurwoyi uku, phi da psi da omega, ke yanke yadda furotin zai naɗe. A irin wannan taswira ba ka ganin inda atom ɗin oksijin na kabonil ya fuskanta, sai manhajar da ka zaɓa ta zame maka ido.

Ni ISOLDE nake amfani da ita, kuma ba na ɓoyewa. Tristan Croll ne ya rubuta ta, ya fitar da bayaninta a 2018, tana kuma aiki a cikin ChimeraX, manhajar kallon siffar furotin. Abin da ya bambanta ta shi ne samfurin a raye yake: injin OpenMM na lissafa ƙarfin da ke tsakanin atom da atom bisa ƙa'idojin AMBER, kai kuma kana jan atom da linzami. Ka ja wuri ɗaya, maƙwabtansa su matsa, haɗin haidirojin ya kwance ya sake ƙulluwa, kuma atom biyu ba sa yarda su shige juna. Kowane kabon alfa, wato kabon na tsakiyar amino asid, yana sauya launi nan take gwargwadon matsayinsa a zanen Ramachandran (zanen da ke sa kowane amino asid a matsayin ɗigo bisa kusurwoyinsa na phi da psi), haɗin peptaid da ya zama cis (wato kabon alfa biyu maƙwabta suka koma gefe ɗaya na haɗin) kuwa alama ce ke fitowa a kansa, ba sai ka je nema ba. Akwai kuma abin zamar da jerin amino asid gaba ko baya idan an ɗora su a gurbin da ba nasu ba. Tana da tsadarta: sai da katin GPU mai ƙarfi, sai an sa wa samfurin haidirojin gaba ɗaya, kuma baƙon ligand (ƙaramin sinadarin da ke ɗaure a jikin furotin) yakan tsayar da aiki har sai an samo masa ma'aunai.

Coot ta Paul Emsley, wadda ake amfani da ita tun 2004, kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma wajen gina sabuwar sarƙa ko juya peptaid ɗaya a taswira mai kaifi ba ta da na biyu. Ka riƙe ta, za ka buƙace ta. Sculpting, abin jan atom na manhajar PyMOL, kuwa na yin hoto ne, kada ka gina samfurin da za ka kai PDB (rumbun adana siffofin furotin) da shi. Swiss-PdbViewer tana barin ka ja ɗigo a zanen Ramachandran kai tsaye, amma ta tsufa.

Yanzu ga abin da ya ƙona ni. Na taɓa karɓar wani samfuri da babu amino asid ko ɗaya da ya fita daga yankin da aka yarda da shi a zanen Ramachandran. Na yi murna, na shafe makonni ina tsara gwajin sauya amino asid a kansa. Ashe an kunna takurawar Ramachandran lokacin tacewa, wato daidaita samfuri da taswira, an tura kowane ɗigo cikin yanki mai kyau da ƙarfi, alhali wani sashe na heliks ya zame da gurbi ɗaya. Amino asid ɗin da na ɗauka yana fuskantar aljihun ɗaurewa, bayansa ya juya masa.

Don haka nake cewa a yi hattara da samfurin da aka yi wa kwalliya. Ɗigon da ya fita waje ƙararrawa ce, yawanci yana nuna peptaid da ke buƙatar a juya shi, kuma wanda ya danne shi da takurawa ya kashe ƙararrawar ne ya bar gobarar. Idan an ba ka samfuri mai tsabta fiye da kima a taswira mara kaifi, duba makin Rama-Z, wanda ke tona rarrabuwar kusurwoyi da ta yi kyau fiye da ta furotin na gaske. Duba gwajin CaBLAM a MolProbity, manhajar tantance samfuri, domin shi yana bin tsarin kabon alfa, takurawar phi da psi ba ta cika ruɗarsa ba. Ƙirga haɗin cis: kafin prolin kusan 5 cikin ɗari ne, a wajen prolin kuwa abu ne mai wuyar gani ƙwarai, to idan ka ga goma a sarƙa ɗaya, kuskure ne har sai taswira ta rantse. Haka ma samfurin AlphaFold, manhajar hasashen siffar furotin: inda pLDDT, makin tabbacin da take bai wa hasashenta, ya gaza 50, zaren da ka gani ba siffa ba ce, kada ka ɓata yini kana gyara masa kusurwa.

Masu tallar PyMOL da aka fasa wa makulli su ma a guje su. Akwai sigarta ta buɗaɗɗen tushe kyauta, ChimeraX ma kyauta ce ga aikin jami'a da binciken da ba na kasuwanci ba, kamfani ne kawai ke neman lasisi. Kuɗin da ke hannunka, sa shi a katin GPU.